JAWABI A KAN ZANGON MATASA NA BAKIN DAM



Kwamitin biki ya ba ni minti goma in yi magana a kan zangon matasa, wato kwana ukun nan da 'ya'yanmu suke yi kowace shekara a gindin itatuwa a bakin dam. Wataƙila wani zai ce, a ranar cika shekara hamsin an rasa abin faɗi ne sai kwanan tabarma? To, ku ba ni kunnenku.

Ikkilisiyar nan sa'ar madatsun ruwa ce. Iyayenmu da suka kafa ta sun ga farin 1973 da idonsu. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin tare ruwa gadan-gadan a Jihar Kano. Aka gama Tiga a 1974, mu ma na arewa muka sami rabonmu: Tomas wajen Dambatta, Watari a Bagwai, da sauransu. Kafin nan, in rani ya yi, sai rafi ya koma yashi, mai neman baftisma ya jira damina.

Ƙasarmu kuwa kun san ta. Gona tana jingine da gona, gida yana hango gida, ko burtalin shanu da kyar ya tsira. Ba mu da dajin da mutum zai shiga ya kaɗaita da Mahaliccinsa. Saboda haka ɗan kurmin nan na bakin ruwa, mai tsamiya biyu da gawo da layin darbejiya, ba ƙaramin abu ba ne a gare mu. Gawo ma sai ka ce domin mu aka yi shi, gama da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi lif, daidai lokacin da aka gama kaka, yara suka sami sukunin fita.

Ba mu ne muka fara ba. A Littafin Firistoci sura 23 Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su bar ɗakunansu su zauna a bukkoki kwana bakwai bayan sun tara amfanin gona, domin jikokinsu su san yadda aka fito da su daga Masar. Sura biyu gaba, a sura 25, aka kafa dokar shekara ta hamsin wadda muke murnarta yau. A Fitowa sura 15 kuma sun sauka a Elim, wurin maɓuɓɓuga goma sha biyu da itatuwan dabino saba'in. Ƙungiyar Boys' Brigade da yaranmu suke sa kakinta, wadda aka kafa a birnin Gilasgo a 1883, ita ma a bakin ruwa ta yi zangonta na fari a 1886.

Me ake yi a can? Ba wani abin mamaki. A kafa bukka da kara da zana, maza gefe guda, mata gefe guda tare da iyayensu na Zumunta. Da asuba sanyin hunturu ya tashe ka tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, a yi sujada ana kallon balbelu suna sauka. Ɗan mai shago da ɗan maraya su ci tuwo a akushi ɗaya, su wanke tukunya tare. Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne na dare. Yaron da ya shekara yana zama a bencin baya bai taɓa buɗe baki ba, in an kewaye wuta sai ka ji ya yi tambayar da ta daɗe tana cin ransa: zancen aure, zancen tafiya Kano neman kuɗi, ko ya zauna cikin bangaskiya ko ya bari. Irin wannan magana ba ta fitowa a majami'a inda kawunsa yake zaune yana kallonsa. Cikin dattawan da ke kujerun gaba yau, akwai waɗanda a gindin tsamiyar nan suka ba da ransu ga Ubangiji.

Ruwa kuwa ba abokin wasa ba ne. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Makokinsu namu ne. Dokarmu ke nan: ba mai shiga kwalekwale, ba wanka a dam saboda tsargiya, ruwan sha daga rijiyar burtsatse za a ɗebo, kowa kuma ya zo da gidan sauronsa.

Ga abin da ya kawo ni. Wurin nan ba namu ba ne. Wani bawan Allah Musulmi ne ya bar mana shi aro, bai taɓa karɓar ko kobo ba, Allah ya sāka masa. Yanzu ya tsufa, magada suna da yawa, noman rani yana matsowa da tumatir da albasa, masu itace da gawayi kuma sun riga sun sare marke uku. Ba na ganin laifin kowa, kowa ciki yake nema wa. Amma in muka yi shiru, bikin shekara sittin zai same mu da hotuna kawai.

Ina roƙon dattawa su ware wani abu daga baikon yau, su je wurin mai gonar da ladabi, a gaban mai girma Dagaci, a yi yarjejeniyar haya a rubuce. Ina kuma roƙon kowane gida ya ɗauki nauyin dashe ɗaya in damina ta sauka, da kewayensa na ƙaya saboda awaki, da ban ruwa har rani biyu. Gida hamsin, itace hamsin. Sakataren ikkilisiya yana bakin ƙofa da littafi, kada a tashi cin abinci sai an rubuta suna.

 Ubangiji ya albarkace ku. Amin.