WASIYYAR KAKANNI A KOTUNAN IKKILISIYA TA INGILA, DA ABIN DA TAKE KOYA MANA

 Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya bar mu da rai har muka ga wannan Jubili ta shekara 50.

Lokacin da kwamitin Jubili ya zauna domin rubuta tarihin wannan Ikkilisiya, mun aika aka ɗauko tsohon akwatin da ake ajiye littattafanmu. Da muka buɗe, sai muka tarar gara ta riga mu. Littafin baftisma na fari ya zama gari daga tsakiya zuwa ƙarshe. Muka koma wurin tsofaffi, amma waɗanda suka san maganar da kyau sun riga sun huta cikin Ubangiji, sauran kuwa kowa da irin tasa tunawa. Akwai waɗanda suka ɗauki tubali a ka domin gina wannan majami'a, yau kuwa ba mu iya kiran sunayensu duka. Wannan abu ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan wata ƙasa inda mutum yakan bi sawun kakanninsa har shekara 300 ko 400 baya ta wurin takardun Ikkilisiya. Ƙasar ita ce Ingila, takardun kuwa su ne na wasiyya.

1. YADDA WASIYYA TA SHIGA HANNUN IKKILISIYA

A Ingila da Wales, tun zamanin dā har zuwa ran 11 ga Janairu 1858, idan mutum ya mutu ya bar wasiyya, ba a taɓa kayansa sai an kai takardar gaban kotun Ikkilisiya. Wasiyyi, wato wanda mamacin ya ɗora wa nauyin raba kayan, yakan zo ya yi rantsuwa. In kotu ta gamsu cewa takardar ta gaskiya ce, sai ta ba shi izinin rabo. Magatakardan kotu yakan kwafe wasiyyar a cikin babban littafi a ajiye. In mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, kotun takan naɗa matarsa ko wani na kusa da shi ya kula da kayan, a kuma rubuta sunansa. Wata doka ta 1857 ce ta ɗauke wannan aiki daga Ikkilisiya ta ba kotun gwamnati, aka fara aiki da ita ran 12 ga Janairu 1858.

Kotunan nan sun fi 200, kuma hawa-hawa ne. Akwai kotun mataimakin Bishop mai kula da gunduma, ita ce ta ƙasa. Bisa da ita akwai kotun Bishop na Dayosis. Can sama akwai kotunan Akbishop guda biyu, ta Yok domin arewacin ƙasar, da ta Kantabari domin kudu. Inda kayan mamaci suke shi ne yake nuna kotun da za a je. In duk kayansa suna cikin gunduma ɗaya, ƙaramar kotu ta isa. In yana da kaya na fam 5 ko fiye a Dayosis fiye da ɗaya, sai kotun Akbishop. In kayan sun ratsa arewa da kudu, ko kuwa mutumin ya mutu a teku ko a wata ƙasa, sai Kantabari. Bayan waɗannan akwai waɗansu ƙananan wurare masu cin gashin kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin Bishop ɗin da ke kewaye da su, su ma da nasu kotuna.

2. ABIN DA AKE SAMU A CIKI

Abin da ya fara taɓa zuciyata shi ne yadda yawancin tsofaffin wasiyyoyin suke farawa. Kafin mutum ya ambaci saniya ko tukunya, sai ya fara da sunan Allah, ya danƙa ransa ga Mahaliccinsa, ya faɗi inda yake so a binne shi. Da yawa sukan ware wani abu domin matalautan garinsu ko gyaran majami'a. Bayan haka ne yakan shiga kiran sunaye: matarsa, 'ya'yansa maza da mata, mazajen 'ya'yansa, jikoki, 'yan'uwa, har barori da waɗanda ya tsaya musu a wurin baftisma.

Nan ne amfaninta yake ga mai neman asali. Littafin baftisma zai gaya maka an yi wa wane ɗan wane baftisma a shekara kaza. To, in akwai mutum uku masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya fa? Wasiyya ce take raba gardama, gama a cikinta mutum da bakinsa yake cewa wance 'yata ce, tana auren wane, suna zaune a gari kaza. Takarda ɗaya takan haɗa tsara uku.

Sau da yawa akan sami lissafin kayan mamaci tare da wasiyyar. Maƙwabta biyu ko fiye sukan shiga gidan ɗaki-ɗaki, su rubuta gado da kujera da tukwane da dabbobi da hatsin da ke rumbu, kowanne da kimar kuɗinsa. Mai karantawa yau sai ka ce ya shiga gidan kakansa da ƙafarsa. Shahararren marubucin nan William Shakespeare, wanda ya mutu a 1616, wasiyyarsa ta bi ta kotun Kantabari. A ciki ya bar wa matarsa gadon kwanansa mai daraja ta biyu, masana kuwa sun daɗe suna gardama a kan abin da yake nufi da haka.

3. YADDA AKE NEMANSU

Mai nema yakan fara da abu uku: sunan mamaci, garinsa, da kimanin shekarar mutuwarsa, wadda akan samu a littafin jana'iza na Ikkilisiya. Daga nan sai ya bincika wace gunduma da wane Dayosis garin yake ciki a wancan zamani, gama iyakoki sun sha canjawa. Sa'an nan ya duba jerin sunaye na ƙaramar kotu, in bai samu ba ya hau ta Bishop, in bai samu ba ya hau ta Akbishop.

Wasiyyoyin kotun Kantabari, daga 1384 zuwa 1858, sun fi miliyan ɗaya. Suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke unguwar Kew a Landan, kuma an ɗauki hotonsu an sa a intanet. Na kotun Yok suna cibiyar Borthwick ta Jami'ar Yok. Na Wales suna babban ɗakin karatu na ƙasar a garin Aberystwyth. Na ƙananan kotuna kuwa yawancinsu suna gidajen adana takardu na lardi-lardi.

Akwai ramuka a hanyar da ya kamata mai nema ya sani:

(a) Ba kowa ne ya bar wasiyya ba. Yawancin talakawa ba su bari ba. Matar aure kuma, kafin dokar 1882, ba ta da ikon yin wasiyya sai da yardar mijinta, saboda haka wasiyyoyin mata yawanci na gwauraye ne da na waɗanda ba su yi aure ba.

(b) Rashin sunan ɗa a wasiyya ba ya nuna babu shi. Wani lokaci ɗan fari ya riga ya gaji gona bisa ga al'ada, ko kuwa 'ya ta riga ta karɓi rabonta ranar aurenta.

(c) Kalmomin dangantaka sun canja ma'ana. Kalmar Turanci da yau take nufin suruki, a dā takan nufi agola. Mu ma mun san wannan, gama idan Bahaushe ya ce “ɗan'uwana”, sai ka sake tambaya kafin ka san ko ciki ɗaya suke.

(d) Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila tana farawa ne ran 25 ga Maris. Takardar da aka rubuta wa Fabrairu 1700, a lissafinmu na yau ta Fabrairu 1701 ce.

(e) Rubutun hannu na dā yana da wuyar karantawa, kuma kafin 1733 bayanin da kotu take ƙarawa a ƙarshen wasiyya da Latin ake yinsa.

(f) Daga 1653 zuwa 1660, bayan yaƙin basasa, an rufe kotunan Ikkilisiya, aka riƙa tabbatar da wasiyyoyin ƙasar duka a kotu ɗaya a Landan. Takardun waɗannan shekaru suna tare da na Kantabari.

4. ABIN DA WUTA TA CI

Kada mu zaci su ba su yi asara ba. Yawancinmu mun san sunan Likita Miller, wanda ya yi aikin bishara a Zariya, ya kuma sa hannu ƙwarai cikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. An haife shi a yankin Debon, a kudu maso yammacin Ingila. A watan Mayu 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus suka yi ruwan bom a kan Eksita, babban birnin yankin. Ofishin da aka tara tsofaffin wasiyyoyin Debon da na Samaset ya ƙone, aikin ɗaruruwan shekaru ya zama toka. Haka kuma ya faru a Dabilin ta ƙasar Ailan ran 30 ga Yuni 1922, sa'ad da gidan adana takardu ya ƙone cikin yaƙin basasa.

Me ya tsira a Debon? Abin da yake da kwafi a wani wuri. Wasiyyoyin da suka bi ta kotun Kantabari suna Landan, wuta ba ta kai gare su ba. Waɗansu iyalai da lauyoyi suna da nasu kwafi. Waɗansu masu bincike sun riga sun kwafe taƙaitaccen bayani kafin yaƙin. Ofishin harajin gado kuma, tun daga 1796, yana rubuta taƙaitawar wasiyyoyin da aka biya wa haraji. Daga waɗannan gutsattsari ne masu aikin sa kai suka yi ta tattarawa, suka haɗa jerin abin da ya ragu.

Ikkilisiyar Ingila ta gane wannan tun da wuri a kan littattafanta. A 1538, zamanin Sarki Henry na 8, aka umarci kowace Ikkilisiya ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Wajen ƙarshen ƙarnin nan aka ƙara doka cewa a riƙa aika wa Bishop kwafi kowace shekara. Yau akwai garuruwan da littafinsu na asali ya ɓace, amma kwafin Bishop ya cece su.

5. MENE NE NAMU A CIKI?

'Yan'uwa, wannan hikima tana cikin Littafi Mai Tsarki tun kafin a san Ingila. A cikin Irmiya sura 32, da annabin ya sayi gona a Anatot, takarda biyu aka yi, ɗaya a hatimce, ɗaya a buɗe, a gaban shaidu, ya kuma sa Baruk ya ajiye su cikin tulun yumɓu domin su daɗe. A cikin Ezra 2:61-62 mun ga waɗansu zuriyar firistoci da suka komo daga bauta, suka nemi sunayensu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. A cikin Ishaya 38:1 kuma an aiki annabi ya faɗa wa Sarki Hezekiya ya kintsa al'amuran gidansa kafin mutuwa.

Ikkilisiyarmu ba kotun gado ba ce, ba na kuwa roƙo ta zama haka. A wurinmu Babbar Kotu ce take tabbatar da rubutacciyar wasiyya. Amma a shekarun da na yi ina aikin Fasto, na zauna sulhu a gidaje da yawa inda aka binne uba da safe, kafin mako ya zagayo 'ya'ya sun daina gaisawa saboda gona, gwauruwa kuma tana kuka an fitar da ita daga ɗakinta. Ku da kanku kun san irin waɗannan gidaje. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

Na ɗaya, iyaye maza da mata, ku rubuta wasiyya tun kuna da lafiya da hankalinku. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa, ranar kowa tana hannun Allah. Ku nemi lauya ya yi muku jagora, ku sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. Ku kira kowa da cikakken sunansa da dangantakarsa da ku.

Na biyu, matasa, kafin wannan shekara ta ƙare kowa ya zauna da tsohon da ya rage a gidansu, da littafi da alƙalami. Ku tambayi sunan kaka da na kakan kaka, garin da suka fito, da wanda ya fara karɓar bishara a gidan. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya, ku yi amfani da ita. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, dattawa da magatakarda, a sayi akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa buɗe shi ana dubawa kowace damina. A ɗauki hoton kowane shafi na littattafan baftisma da aure da jana'iza da suka rage mana.

Na huɗu, kowace shekara a aika da kwafi zuwa ofishin gunduma. Abin da yake wuri ɗaya tak, gara ko gobara ko ruwan sama na dare ɗaya ya isa ya raba mu da shi.

Yawancinmu da muke zaune a nan ba za mu ga Jubili ta shekara 100 ba. Amma yaran da suke zaune a gaba, in Ubangiji ya yarda, za su gani, za su kuma buɗe akwatin da muka bari. Addu'ata ita ce su sami sunayenmu a ciki, su kuma same mu mun bar gidajenmu cikin salama. Fiye da kome, bari sunan kowannenmu ya kasance a rubuce cikin Littafin Rai na Ɗan Rago.

Ubangiji ya albarkaci Ikkilisiyarsa, ya albarkace ku duka. Amin.