ZAZZAƁIN YARO: INA IYAKAR JINYAR GIDA?

Taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa malamin asibiti ya yi wa 'yan'uwa mata a Ɗanbatta:

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzonsa (S), lallai yaro amana ne. In jikinsa ya yi zafi, uwa ta rage masa tufafi, ta goge shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ta yawaita ba shi nono da ruwa. Farasitamol gwargwadon nauyinsa, kada ya wuce sau 4 a yini. Ban da asfirin.

Amma farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe cutar cizon sauro. A je a gwada jini tun ranar farko, musamman da damina.

Jijjiga, ƙin nono, amai ba tsayawa, nannauyan barci, sandarewar wuya, ko zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 3 ba, to sai Babban Asibitin Ɗanbatta, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya turare ana cewa iska ce. Sanƙarau na 1996 ya ci dubban rayuka a Arewa.

Maigida kuma kada ya hana fita. Neman magani ba ya warware tawakkali. Allah Ya ba mu lafiya.