Kaburbura Masu Suna

 Yau zancen makabarta za mu yi. Kada ka tashi don ka ji an ambaci kabari, gama labarin nan ya shafi kasuwarka.

Kai mutumin Salaga, ka san Wankan Bayi, ka san tsofaffin rijiyoyin garinku. Kakanni sun faɗa maka ba goro kaɗai aka yi ciniki a kasuwan nan ba, har da mutane. To, bawan da ya mutu kafin a saye shi, ina aka kai shi? Rafin Angulu. Sunan wurin ya ishe ka bayani. Ba likkafani, ba addu'a, ba mai cewa wannan ɗan wane ne.

Yanzu bari in kai ka wata makabarta dabam, can kudu, bisa tudun Akuapem, a garin Akropong, arewa da Akra.

A shekara ta 1828 Turawan Mishan na Basel su huɗu suka sauka a bakin teku. Kafin shekara huɗu duk sun mutu. Cikin waɗanda suka biyo bayansu, Andreas Riis kaɗai ya rayu, ya hau Akropong a 1835. Ya yi ta wa'azi, ba wanda ya karɓa, gama mutane suna cewa wannan hanyar Turawa ce. Sai aka aike shi tsibirin Jamaika, inda aka 'yantar da bayi a 1838. A 1843 ya komo da baƙaƙen fata Kirista ashirin da biyar, maza da mata da yara.

Ka tsaya ka duba mutanen nan. Shekara biyar ke nan da aka kawar da bauta a ƙasarsu. Ba wanda ya ɗaure su, ba wanda ya kora su cikin jirgi da bulala. Da ƙafarsu suka shiga, suka ƙetare tekun nan da aka ƙetarar da kakanninsu cikin sarƙa. A ganina wannan ba ƙaramar zuciya ba ce. Suka gina ɗakuna na dutse, suka shuka kofi da gwaza, suka koyar da yara karatu. Da wa'adinsu na shekara biyar ya cika, waɗansu suka koma, waɗansu suka ce nan za su zauna.

Waɗanda suka zauna, sa'ad da ajali ya zo, ikilisiya ta ɗauke su, ta binne su a ƙasarta, ta riƙe sunayensu. Shi ya sa har yau ana iya kiransu. Ga John Hall, dattijon ikilisiya, wanda ɗansa Peter Hall ya zama shugaban farko na majalisar ikilisiyar a 1918. Ga malam Alexander Worthy Clerk, wanda ya rasu a Aburi a 1906. Jikan bawa ya sami kabari, jikokinsa kuwa sun san inda yake.

Daga garin nan ne Theophilus Opoku ya fito. Ɗan Akropong ne, ya yi karatu a makarantar Mishan, ya zama fasto a 1872. A 1877 ya yi tafiya har Salaga, ya ga kasuwar bayi da idonsa tana ci, ya rubuta abin da ya gani. Daga baya Mishan ɗin ya zauna a Yendi a 1913, yaƙin duniya ya tashe shi a 1916. Asibitin Presbyterian da ke Bawku ma na ikilisiyar nan ne.

Amma waɗanda aka jefar a Rafin Angulu, ba mai iya kiran sunan ko ɗaya. In akwai tsohuwa a gidanku wadda ta tuna sunan wani da aka kama, ko sunan garinsa, je ka zauna wurinta yau, ka sa yaro ɗan makaranta ya rubuta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.