Jawabi Kan Ajiye Lissafin Ruwa Da Sanyi

 

Labarin wani tafki zan ba ku, sunansa Suwa, yana cikin duwatsun ƙasar Japan. Can idan sanyi ya tsananta ruwan tafkin kan daskare ya zama ƙanƙara, har ƙanƙarar ta tsage ta yi tudu kamar kunyar gona. Masu kula da ɗakin bautar garin suna rubuta ranar da haka ta faru tun shekarar 1443. Su a wurinsu sawun abin bautarsu ne. Wannan kuwa ba ruwanmu, rubutun nake so ku duba. Da masana suka bi littattafan a 2016, sai suka tarar daga 1443 zuwa 1700 sau uku kawai tafkin ya ƙi daskarewa, amma daga 2005 zuwa 2014 sau biyar ya ƙi. Kun ga duniya tana ɗumama, kuma shaidar daga hannun mutanen gari ta fito.

A Finlan ma wani ɗan kasuwa irinmu, Olof Ahlbom, shi ya fara rubuta ranar da ƙanƙarar kogin Torne ke fashewa, a 1693.

To mu nan Kachia ba mu da ƙanƙara, amma muna da ruwan fari, da cikar rafi da janyewarsa, da shigowar hunturu. Duk shekara sai an yi gardama a kasuwa: wannan ya ce bana ruwa ya makara, wancan ya ce ƙarya ne. Wa ya rubuta? Babu. Alhali kuɗinmu a citta yake. Da cuta ta cinye gonakin citta a 2023, manomi ya yi kuka, mu masu saye ma mun yi, wasunmu har yau bashi suke biya. Aka tambaye ni yadda ruwan shekarar ya sauka, wallahi sai kame-kame na yi, ni da ba na barin naira biyar ta fita ban rubuta ba.

Shawarata, ƙungiya ta sayi littafi guda, a damƙa wa malamin Islamiyya da ɗalibai biyu. A kafa sanda mai alama a bakin rafi, duk Juma'a bayan sallah a duba a rubuta, da kwanan watan Musulunci da na Bature. A kuma nemi maƙwabtanmu Adara da Jaba su sa hannu, don sun fi mu sanin gona. Kuɗin littafin da fenti ni zan biya.