Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi kan Tsaron Makarantunmu



Maganar da ta tara mu yau ita ce sabon nauyin da aka ɗora wa makarantu, watau tsare rayukan yara daga 'yan ta'adda da masu satar mutane. Mu mutanen Dutse mun daɗe muna jin wannan labari daga nesa. To, amma a watan Nuwamba na 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, Gwamnatin Tarayya ta rufe kwalejojinta fiye da 40 na ɗan lokaci, cikinsu har da ta Kiyawa, nan kusa da mu, da ta Kazaure da ta Haɗeja. Ashe kuwa lokacin shafa wa gemunmu ruwa ya yi.

Ta fuskar takarda kam, ba a yi sake ba. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok cikin 2014, an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja. A 2015 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo ta ƙasar Norway. A 2021 aka fito da manufar ƙasa kan tsaron makarantu tare da mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowace makaranta za ta cika, kana a ƙarshen 2022 aka tsara kashe Naira biliyan 144 da 'yan kai daga 2023 zuwa 2026. Abin tambaya shi ne, wa zai ɗauki wannan kaya? Amsa ita ce firinsifal da malaman da ke kwana cikin makaranta da tsohon maigadi mai tocila da gora. Waɗannan bayin Allah koyarwa aka horar da su su yi, yanzu kuma an ce su auna haɗari, su tsara hanyar tsira, su riƙa sadarwa da jami'an tsaro. Ɗora wa mutum aiki ba tare da an koya masa ba, neman wanda za a zarga ne kawai in abu ya ɓaci.

Bari mu dubi abin da masifun baya suka koyar. A Potiskum, cikin Nuwamba 2014, wanda ya tayar da bam a filin taron safe da kayan makaranta ya shigo. Darasin shi ne a san kowane mai shiga ƙofa. A Chibok, maharan sun zo da kakin soja, suka ce wa yara su fito za a kare su, yara kuwa suka bi. Darasin nan ya fi na farko nauyi, kuma ba ya bukatar ko sisin kwabo: lalle kowane ɗalibi ya san muryar wanda zai bi da dare, ya san ƙarar ƙararrawar haɗari daban da ta cin abinci, ya san inda zai nufa, ya kuma gwada hakan sau da yawa tun ana zaune lafiya. A Ƙanƙara, cikin Disamba 2020, a kan babura aka zo aka kora yara fiye da 300 cikin daji. Ayarin babura kuwa ba ya ratsa ƙauyuka ba a gan shi ba. Saboda haka idon manomi da na makiyayi, da kunnen mai unguwa da dagaci, su ne katangar farko, muddin akwai lambar wayar da za su kira a ɗauka.

Rufe makaranta kuwa, ko da ya zama dole na 'yan kwanaki, ba magani ba ne. Abin da masu kai harin suke so ke nan. Kowa a nan ya san yadda aka sha wahala kafin iyaye a ƙauyukan Jahun da Birnin Kudu da Miga su yarda 'ya'yansu mata su kwana a makaranta. Yarinyar da aka mayar gida saboda tsoro, ba lalle ne ta sake dawowa aji ba.

Don haka muna roƙon Ma'aikatar Ilmi ta Jiha da ta fara da horar da malamai da masu gadi, ta gyara katangun da suka zube, ta sa a yi gwajin tsira kowane zangon karatu, wanda zai yi amfani har ranar gobara ko ambaliya. Mu ɗalibai kuma, idan mun koma gida hutu, mu leƙa tsofaffin makarantunmu, mu tambayi shugabanninsu cikin ladabi me aka tanada, mu kai abin da muka gani gaban ƙungiyar iyaye da malamai. Ku kuma matasan ma'aikata, takardun kuɗin wannan aiki ta teburanku za su bi. Kada ku bari su kwana.

Allah ya tsare mana ƙannenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.