Ganyen da Ya Faɗi Kafin Lokacinsa

 

Duk wanda ya shiga wuraren shaƙatawa na birnin Landan a watan Agustan 2022 zai rantse Oktoba ake ciki. Ciyawa ta ƙone, busassun ganyaye sun rufe hanya suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, alhali lokaci ne da ya kamata bishiya ta kasance kore shar. Ranar 19 ga Yuli zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby, karo na farko da ya haura 40 tun da aka fara awo a Birtaniya. Ranar 12 ga Agusta hukumomi suka ayyana fari a yankuna da dama na Ingila. Wasu suka riƙa ɗaukar hoto suna cewa kaka ta zo da wuri. Ni kuwa na zo in gaya muku cewa ba kaka ba ce, wahala ce, kuma bishiya takan yi shekaru tana biyan bashinta.

Mu fara da kakar gaskiya. Idan yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, bishiya takan fara shiri a tsanake. Sai ta narkar da koren sinadarin da ke ganye, wato kulorofil, ta janye naitirojin da fosfaros zuwa reshe da saiwa, ta adana su don baɗi. Da koren ya gushe, sai rawayar da dama tana nan a ɓoye ta bayyana, wasu bishiyoyin kuma su ƙera jan launi sabo. Daga ƙarshe ta toshe gindin ganyen, ta sake shi.

A lokacin fari babu wannan natsuwa. A bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Idan ƙasa ta bushe, bishiya kan rufe su don ta tsare ruwanta, amma rufewar nan ita ce dakatar da haɗa abinci. Idan ƙishi ya ci gaba, ruwan da ke hawa daga saiwa cikin siraran jijiyoyi sai ya tsinke, iska ta shiga ta toshe hanyar. Ku ɗauki irin wannan ganye ku duba: gefensa ne ke fara ƙonewa, ya nannaɗe, ya koma ruwan ƙasa, wani ma ya faɗi da korensa. Bambancin kamar na mai ƙaura ne da ya ɗaure kayansa tsaf, da wanda gobara ta kora da rigar jikinsa. Bishiyar ta rasa abincin watanni, ta kuma rasa ajiyar da ke cikin ganyen.

Shi ya sa ba a sanin girman asarar sai daga baya. A farin 2018, bishiyoyin beech a arewacin Suwizalan sun zubar da ganye tun Yuli da Agusta. Masana suka ci gaba da lura da su, suka tarar waɗanda suka zubar da wuri su ne rassansu suka fi mutuwa a shekarun da suka biyo. A Jamus, itatuwan spruce da fari ya raunana sun kasa kare kansu daga ƙwaro mai huda ɓawo. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ƙasar ta rasa kusan hekta 500,000 na daji tsakanin 2018 da 2021. Lambun Kew na Landan, inda akwai ƙwararru masu kula dare da rana, ya rasa bishiyoyi sama da 400 sanadiyyar farin 2022, alhali a shekara bai saba rasa fiye da kimanin 30 ba. Wannan adadi yana tayar mini da hankali. Idan haka ta faru da 'yan gata, ina ga bishiyar bakin titi da kwalta ta kewaye saiwarta?

Kada mu ruɗe da abu ɗaya. Ɗumamar yanayi ita kaɗai takan jinkirta kaka ne a Turai, domin sanyi na makara. Fari da matsanancin zafi ne ke gaggauta zubar ganye. Ba za a iya rarrabe biyun ba sai da rubutaccen tarihi, kuma Ingilawa suna da shi. Tun 1736 wani manomi mai suna Robert Marsham ya fara rubuta ranar da wasu bishiyoyi suka yi toho a gonarsa ta Norfolk. Yau dubban masu sa kai ke aika irin wannan bayani ga ƙungiyar Woodland Trust.

Mu ma bishiyoyinmu suna da kalandarsu. Kuka na tuɓe ganye da rani, gawo kuwa da damina yake zubar da nasa. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san itatuwan da suka mutu a tsaye. Amma ilimin yana ka, kuma masu shi suna tafiya. Roƙona ga ɗaliban da ke wannan zaure shi ne kowa ya zaɓi bishiya biyar a unguwarsu, ko ɗorawa ko tsamiya ko darbejiya, ya sami littafi, ya riƙa rubuta ranar toho, ranar fure, ranar zubar ganye, da ranar ruwan farko da na ƙarshe. Shugaban taro, idan wannan tsangaya za ta karɓi littattafan nan ta adana duk shekara, ni zan fara kawo nawa.