Jawabin Shugaban Kwamitin Amintattu a Bikin Buɗe Ɗakin Karatun Ingilishi na Yara a Maraɗi

 

Wakilin Mai Girma Gwamnan Jihar Maraɗi, wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, wakilin Mai Martaba Sarkin Gobir na Tsibiri, malamanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, shugabannin makarantu, limamai da masu unguwanni, shugabannin 'yan kasuwa, dattawan 'yan Najeriya mazauna wannan gari, iyayenmu mata, 'yan jarida, manyan baƙi maza da mata, sai kuma ku yara, masu wannan gida. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kwamitin amintattu, ina yi muku barka da zuwa. Muna gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, muna kuma gode wa hukumomin Nijar da sarakunanmu da suka riƙe mu riƙon 'yan uwa.

Dalilin wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. Yaran da muka haifa a nan suna tashi da Hausa a gida, da Larabci a makarantar allo, da Faransanci a lakwal. Ingilishi kuwa sai sun shiga kwaleji suke fara haɗuwa da shi. In lokaci ya yi uba ya mai da ɗansa Katsina ko Kano, sai yaro ya tarar da jarrabawar WAEC da ta NECO suna jiransa, ga JAMB da ba a tsallake takardar Ingilishi a cikinta. Yaro mai ƙwaƙwalwa, gwanin lissafi, sai harshe ya tsare masa ƙofar jami'a.

'Yan uwanmu na Nijar ma buƙatar ta zo musu har gida. A 2025 hukumomin ƙasar nan suka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, suka ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga layin dogo daga Kano zuwa Katsina da Jibiya har Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da jirgi ya iso, takardun kaya da na kwastan da harsuna biyu za su zo. Saboda haka ƙofar ɗakin nan a buɗe take ga kowane yaro, ba a tambayar takardar haihuwa.

Cikin ikon Allah, an samu gida, an gyara rufi, an yi fenti, an ja wuta, an kafa fanka. Kafintocin unguwa sun ƙera kantoci daidai tsayin yaro, ba su karɓi ladan aiki ba. Mata sun kawo tabarmi da randunan ruwa. Ɗalibanmu na jami'a sun zauna sun sa wa kowane littafi lamba da riga ta leda. Akwai littattafan hoto na masu koyon baƙi. Akwai Chike and the River na Chinua Achebe, da Eze Goes to School, da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda labarinsa na ƙasarmu ne, yaro zai ga rawani da doki da jirgin ƙasa a ciki. Mun sauko da labarai kyauta daga shafin African Storybook, mun buga su Hausa da Ingilishi gefe da gefe. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kuma tana kan kanta ta farko, don ba mu zo raba yaro da harshen uwarsa ba.

Na hango Gobirawan Tsibiri suna harar malamanmu Yarabawa. Ranku ya daɗe, yau sai haƙuri, abokan wasanku ne za su koya wa jikokinku karatu, kuma sun ce ba za su rage muku ko harafi ɗaya ba.

Yanzu bari in ajiye takardar nan, in faɗi abin da ke raina.

Littafi ba ya buɗe kansa. Yaro ɗan shekara shida ba zai ɗauko littafin Ingilishi ya zauna shi kaɗai ya fahimta ba. Sai babba ya zauna a tabarma, ya ɗaga littafin kowa ya ga hoto, ya karanta da murya, ya maimaita, ya yi tambaya, ya bari su yi kuskure su gyara. Kunne ne ke fara kama harshe, ido ya biyo baya. Wannan babban shi ne ɗakin karatun. Ba mu da albashin da za mu ba shi, sai godiya da addu'a.

Lokacin da muka yi shelar neman masu aikin sa kai, takarda ta cika da sunaye. Da muka fara gwaji ranakun Asabar, kun san abin da ya faru. Wannan ya tafi ɗaurin aure, wancan kaya sun iso masa garin Ɗan Isa, wata ta ce ta manta. Yara suka zo tun da hantsi, wasu da ƙannensu a goye, suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Yaron da ya tarar da ƙofa a rufe sau biyu ba zai dawo na uku ba, uwarsa ma ba za ta sake barinsa ba. Rijiya ta bayar, kada guga ya hana.

Ku matasan da ke can baya, a ajiye wayoyin nan, da ku nake. Da yawanku kun yi karatu a Zariya da Sakkwato da Kano, Ingilishi na bakinku. Wani ne ya zauna ya koya muku. Awa biyu muke roƙo a mako. Wanda ba zai iya ba, ya faɗa mana yau, ba za mu ji haushi ba. Wanda ya sa sunansa kuwa, ya sani alkawari ya ɗauka, kuma da yara ya yi shi. In uzuri ya taso, a sanar da sakatariya tun ranar Alhamis, a samu wanda zai tsaya. Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ya yi fashi sau uku babu sanarwa, za a cire sunansa daga jadawali, ko ɗan wane ne. Na faɗa a gaban iyayenmu sarakuna don kada gobe a zo mini da roƙo.

Malamanmu da suka yi ritaya, da iyayenmu mata da suka yi boko, ku ma muna buƙatarku. Yara sun fi sakewa da kaka.

Alhazai, na san aljihunku ya zo da shiri, Allah ya saka da alheri. Kuɗin haya da na wuta suna nan, ma'aji zai zagayo. Amma wanda ke da yaron shago mai Ingilishi, ya sake mana shi safiyar Asabar, wannan ma gudummawa ce babba.

Iyaye, littafin aro mako biyu ne. A dawo da shi da rigarsa, kada a ƙunsa ƙosai da shi. In yaro ya zo gida da littafi, a ce ya karanta a ji, ko da ba a jin harshen.

Ina gode wa 'yan kwamiti, da mai gidan da ya sassauta mana haya, da duk wanda ya ba da ko da fensir ne. Takardar jadawali tana kan tebur a bakin ƙofa, a sa hannu kafin a taɓa abinci.

Da wannan nake roƙon wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi ya taso ya yanke ƙyalle, ya buɗe mana wannan ɗaki da sunan Allah. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaunar da Nijar da Najeriya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.